Injiniya Bartholomew Ya Karɓi Mulkin Rajista

Allah ya yi wa Kafanchan baiwa da citta da layin dogo, sannan ya ƙara mata da Injiniya Bartholomew. Makon nan uku da ya yi yana koyon kwamfuta a Sabon Tasha, har yau garin bai gama cin moriyarsu ba. Shi ya naɗa kansa Daraktan Fasaha na ikilisiya, ya kuma amince da naɗin ba gardama. Matasa na kiransa Sarkin Maɓallai. Yana amsawa da ɗaga yatsa ɗaya, don sauran suna hutawa saboda manyan ayyuka.

Ranar Juma'a da hantsi, Scholastica, sakatariyar Zumuntar Mata, ta zauna a ofishin coci tana neman fitar da sabuwar waƙa kwafi sittin. Gobe ne taron gunduma, mata za su zo daga Zonkwa da Samaru Kataf, kuma 'yan ƙungiyarta ba su haddace baitocin ba. In babu takarda a hannu, za su tsaya gaban jama'a cikin anko suna motsa baki kawai. Firinta kuwa ta ƙi.

Injiniya ya iso rataye da jaka mai zif bakwai.

"Injiniya, wani lokaci in na kashe na kunna, tana yi," in ji Scholastica.

"Madam, wannan maganin ƙauye ne. Ciwon yana cikin rajista. Can ne kwamfuta ke ajiye dokokinta, kowace doka da mabuɗinta. Mutum uku ke shiga wurin a jihar nan. Biyun suna Kaduna."

Ya gyara zama, ya buɗe rajistar, ya lalubo mabuɗin da ke kula da firinta. Ya taɓa zai canja. Kwamfuta ta fito da ɗan saƙo cikin ladabi, ta ce ba shi da izini.

Scholastica ta ga kunnuwansa sun motsa. A gaban mace, a cikin coci, akwatin roba ya ce wa Darakta ba shi da izini!

"Kin gani? Rashin tarbiyya. Yau zai san mai gidan."

Ya duba sunan mai mabuɗin, ya tarar na tsarin kwamfutar ne da kansa. Ya tsige shi ba sallama, ya rubuta nasa. Juyin mulki ya tabbata, ko kaza ba ta mutu ba. A nan mai ƙaramin ilimi zai gyara abin da ya kawo shi ya tashi. Amma wanda ya ce zai haɗiye gatari, sai a riƙe masa ƙota. Injiniya ya bi jerin masu izini ɗaya bayan ɗaya. Ya cire Fasto. Ya cire sakatariya, tana zaune a gefensa. Ya cire tsarin kwamfutar, wanda shi ke kai saƙo wurin firinta. Don kada wani ɗan shisshigi ya ɓullo nan gaba, ya zaɓi layin da ya haɗa dukan masu amfani da kwamfutar, ya danna musu hani gaba ɗaya.

Kwamfuta ta gargaɗe shi cewa hani yana rinjayar izini. Ya rufe gargaɗin bai karanta ba. Babba ba ya karɓar shawara daga talakansa.

"Yanzu mabuɗin nan, daga Ubangiji sai ni."

Ya koma zai yi gyaran. Ba izini. Ya sake. Ba izini. Bai taɓa kawowa a ransa cewa in an ƙirga jama'a har da shi ake ƙirgawa ba. Firintar ma, da ɗazu take ko tari, ta ɓace daga allon ɗungurungum.

"Wannan alamar tsaro ne mai ƙarfi," ya ce yana share goshi. "Ko ni bai bari ba, balle ɓarawo. Zuwa Talata zan kammala."

Scholastica ta miƙe. Ta leƙa waje, inda mata ke gwajin kiɗan tulu a gindin mangwaro, ta kira shugabarsu, Mama Keziya. Tsohuwar ta saurari bayanin Injiniya har ƙarshe, tana gyaɗa kai.

"To, ɗana, sannu da aiki. Wato ka kulle rumbu, kai ma kana waje."

Ta sa aka kawo benci biyu da birori da takardu. Mata goma sha biyu suka zauna, kowace kwafi biyar, suna rubutu suna rera baitin da suke kai. Kafin a kai kwafi na uku, rabinsu sun daina duba asalin. Mama ta miƙa wa Darakta biro shi ma, ta ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Ya rubuta kwafi ɗaya cikin minti ashirin, ya sa hannu a ƙasa da cikakken muƙaminsa. Mama ta ɗaga takardar, ta nisanta ta, ta matso da ita, ta juya ta, rubutun ya ƙi karantuwa.

"Scholastica, karɓi biron nan. A ba shi ninke takardu. Ninki biyu kawai, ɗana, kada ka ƙara naka."