Yadda Za Ka Yi Jinyar Kifin Matarka Ba Tare da Ta Sani Ba

Idan matarka ta yi tafiya ta bar maka tankin kifayenta na ruwan teku, ka wayi gari ɗaya daga cikinsu ba lafiya, kwantar da hankalinka. Hanyar da zan koya maka ba ta taɓa kuskure ba. Na ga an bi ta daga farko har ƙarshe ta saman shingen gidana a nan Cairns, a hannun maƙwabcina Warwick Bassano, wanda kowa ke kira Wazza. Ina tabbatar maka, duk wanda ya bi ta sau da ƙafa zai samu irin sakamakon da ya samu.

Matarsa Glenys ta tafi Launceston, can wani tsibiri a ƙetaren teku, jinyar mahaifiyarta. Abu guda ta roƙe shi a bakin mota: ya kula da Dulcie da Merv. 'Yan ƙananan kifaye ne, irin masu launin lemo da fararen ɗamaru, mata da miji. Dulcie ce macen, ita ce babba, kuma tana gidan tun kafin guguwar da ta yaye musu rufi. A tafin hannun Glenys take cin abinci.

1. Fara samar da cutar

Ba a yin jinya sai da majinyaci. Damina ta kankama, zafi ya sa bango ma gumi yake. Tankin yana da injin sanyaya ruwa, firjin giyarka shi ma yana son wuta, soket kuwa ɗaya ne a wannan bangon. Zare filogin na kifi. Ai daga teku suka fito, wa ya taɓa ganin firji a teku?

Ka riƙa zuba musu abinci duk lokacin da suka kalle ka. Canjin ruwa kuma bar shi sai ranar da ka samu sukuni. Ba da jimawa ba jelar Dulcie za ta fara zaizayewa kamar tsohon tsumma, ido ɗaya ya yi fari, ga jan miki a gefenta. Ƙwayoyin cuta sun shiga. Barka, ka zama likita.

2. Kada ka taɓa ƙaramin tanki

Duk mai kiwon kifin teku yana da ƙaramin tanki na jinya a ɗakin ajiya na bayan gida. Gilashi ne zalla, ba yashi ba dutse, a nan ake ware marar lafiya a ba shi magani shi kaɗai. Glenys ta nuna wa Wazza shi da yatsa kafin ta tafi. Amma tun ranar da ta juya baya ya cika shi da ƙugiyoyi da zaren kamun kifi, fitar da su kuwa aiki ne.

Na ce masa ta kan shinge, "Wazza, ka ware ta."

Ya ce, "Haba Clive! A ɗauke marar lafiya daga gidanta a kai ta wani ɗaki fayau, ba kowa sai fitila? Kai za ka so?"

Haka aka yi wa marigayiya matata Thea, kuma ba ta so ba. Sai dai su likitocinta sukan wanke hannu kafin su taɓa ta. Wazza kuwa da maiƙon injin yankan ciyawa yake tsoma hannu a tanki.

3. Guji likitan dabbobi

A ƙasar nan ba a ba ka maganin ƙwayoyin cuta na gaske sai da takardar likita. Wato sai ka ɗauki waya ka yi wa wata yarinya da ba ta kai sa'ar 'yarka ba bayani, tambayarta ta farko kuma ita ce yaya zafin ruwan yake. Namiji ba ya amsa irin wannan tambaya. Ga shi ta san Glenys, kafin ka ajiye waya labari ya tsallaka teku.

Kai maganar wurin gashin nama na ranar Asabar, inda ilimi yake kyauta. A can Wazza ya samu abokinsa Trev, wanda bai taɓa kiwon komai ba sai tumbinsa.

"Tafarnuwa," in ji Trev, yana juya nama. "Surukina da ita ya warkar da karensa."

"Karen ai ya mutu, Trev," in ji Wazza.

"Mota ce ta take shi, ɗan iska. Lafiyarsa lau lokacin da ta take shi. In ba ta yi ba, sa man ti-tiri, na ganyen itacen nan. Akwai ciwon da uwarka ba ta shafa maka shi ba? Ga ka nan, ban da sanƙo me ya same ka?"

4. Zuba komai a babban tanki

Daka tafarnuwa ka zuba. Bi ta da man ti-tiri har falo ya riƙa ƙamshin ɗakin tausa. In Dulcie ba ta miƙe ba, buɗe durowar banɗaki, akwai ragowar kafson da aka ba ka lokacin ciwon haƙori, wanda ka daina sha da ka ji sauƙi. Fasa su a ruwa.

Kada ka cire gawayin da ke cikin akwatin tace ruwa. Aikinsa shanye duk abin da aka zuba, don haka zai shanye maganin tas. Ka ga bai yi aiki ba, sai ka ninka. Ka sake ninkawa. Ranar da ka zuba mafi yawa, ranar ce za ka lura gawayin ya yi datti ka cire shi.

A cikin duwatsun tankin akwai wasu ƙwayoyin, na kirki, su ne ke cinye ƙazantar kifi su bar ruwa da tsabta. Glenys ta yi shekaru tana rainonsu. Kafso bai san na kirki ba. Na karanta tarihin yaƙe-yaƙe fiye da yadda lafiyar mutum ke buƙata, kuma a kowane ƙarni akwai janar ɗin da ya ƙona gari don ya cece shi. Yawancinsu an yi musu gunki a dandali. Da ka ga ruwa ya koma kamar na wankin shinkafa, murjanin teku mai rai da ke kan duwatsun ya saki jiki yana wari, ka ce cutar ce take fita.

5. Amsa waya da fara'a

Za ta kira. Muryarta za ta fito a gajiye, domin uwar ba ta samun sauƙi.

"Yaya Dulcie?"

"Ci kawai take, Glen. Ta kusa cinye ni."

"Juya wayar in gan ta."

"Kai, ruwan saman nan ya lalata layi, hoto ba ya fita. Yaya Mama?"

Riƙe wannan tambayar ta ƙarshe da kyau, ita ce babban makaminka. Duk ƙaryar da aka yi wa mai jinya, sunanta tausayi. Ka maimaita wa kanka cewa ba ka son ƙara mata damuwa ne, har sai ka yarda.

6. Sayo wata

Dulcie za ta mutu. Ta Wazza da rana tsaka ta mutu, a bayan dutse, Merv yana zagaya ta. Yanzu sai ka yi duk abin da ya kamata ka yi tun farko: mayar da filogin injin, canza ruwa, zuba sabon gawayi. Merv zai rayu, don irinsa ba sa jin magani. Da ruwa ya washe bayan 'yan makonni, nufi shagon kifi.

Mai shagon, wata dattijuwa Noeline, ta kalli Wazza ta saman tabarau ta ce, "Tun yaushe macen ta mutu?"

"An ɗan kwana biyu. Ba ni waccan babbar."

"Ɗauki ƙarami, yaro. Mijin naku ya riga ya fara zama mace."

"Wa? Merv?"

"Haka irinsu suke. In macen ta mutu, namijin ya girma ya koma mace. Ka sa masa wata babba, mata biyu ka haɗa a gida ɗaya, sai ɗaya ta kashe ɗaya."

"Noeline, na san Merv shekara da shekaru. Namiji ne sosai."

Kada ka saurare ta. Babba kake nema, don babba matarka ta bari. Ni dai na daɗe ina tunanin wannan kifi. Matarsa ta mutu, sai ya tashi ya cike gurbinta da jikinsa. Mu iyakar abin da muke iyawa shi ne cin waken gwangwani a tsaye a bakin famfo.

Kafin a kwana biyu Merv ya yage wa baƙuwar jela, wurin ya yi ja ya fara ruɓewa. Ka samu sabuwar majinyaciya, hanya kuma ka riga ka san ta.

7. Tarbi matarka

Glenys ta dawo bayan an binne uwarta, da rigar sanyi a hannu. Ina ban ruwa a gefen shinge, tagoginsu a buɗe. Ba ta ko ajiye jaka ba ta tsaya gaban tanki.

"Wazza, wace ce wannan?"

"Dulcie mana. Ta ɗan rame ne, kewarki ce."

Ta tsoma tafin hannu a ruwa. Baƙuwar ta ruga bayan dutse.

"Kana wurin lokacin da Dulcie ta mutu?"

Ya ce, "Ina kallon wasan kurket a talabijin."

Ta ce, "Daren ƙarshe Mama ba ta son shiru, ta ce in yi ta magana. Labarin Dulcie na yi ta ba ta. Na ce mata lafiyarta lau, ci kawai take. Don kai ka gaya min."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta fita bayan gida, ta juye ƙugiyoyinsa a kan ciyawa, ta wanke ƙaramin tanki, ta kira likita. Baƙuwar ta warke. Tun daga ranar Glenys take yi masa magana cikin ladabi, irin wanda ake yi wa mai gyaran famfo.

Sanarwa

Marubucin nan ba likita ba ne, kuma bai ɗauki alhakin kifi, murjani, ko aure ba. Duk abin da ya mutu a hannunka, kai ka zuba masa. In gidanka ya yi maka shiru da yamma, kada ka zo barandata neman wurin zama. Kujeru biyu ne kawai. Ina kan ɗaya, Wazza kuma kullum yana kan ɗayar, kuma har yau ban samu yadda zan gaya masa cewa ta Thea ce ba.