Giɓi da Wushirya

"Lafiya lau, sai dai yunwa. Wata guda ke nan matata ta kwashe mini haƙora ta bar ni da dasashi."

"Ni na kwashe? Malam Dasashi, uku na tarar, su ma rawa suke kamar masu jin sanyi. Hau kujera."

Kakan likitar haƙorin ya jingine sandarsa jikin wurin wanke hannu, ya hau kujerar yana mita, wai ko a shagon aski an fi haka girmama mutum. Likitar ta kunna fitilar da ke bisa kansa, ta ja takunkumi ta rufe baki, ta tsamo sabbin haƙoran roba daga cikin ruwa. Ranar awo ya kafe sai an yi masa su da wushirya irin tasa ta samartaka, wadda a cewarsa ita ta kayar da marigayiya kakarta. Jikar ta ce masa ita ba ta yi wa kango fenti.

Hannunta na aiki, amma hankalinta na wani wuri. An ba ta gurbin karatun ƙwarewa a dashen haƙori, shekara uku, gobe kuma ake jiran amsarta. Ita da mijinta sun gama shawara: 'yarsu mai shekara biyu za ta jira ƙani sai an kammala. Mahaifiyar likitar ce ta ce sam ba ta san wannan zance ba, in kuwa an tafi karatun, kada a kawo mata raino. Ba raino, ba karatu. Mutum ɗaya ne a duniya mahaifiyar ba ta iya yi wa musu, shi ne wannan tsohon da ke kwance ya hangame baki. To amma ta ina za ta roƙi mutumin da tun tana rarrafe ba abin da ke haɗa su sai tsiya?

"An ce makaranta za ki koma," in ji shi, kafin ta kai hannu. "Ashe duk azabar nan da kika gana mini ba ki iya ba ne? Gwaji kike da bakina?"

"Da na tumaki muka fara, sai na ga naka ya fi kusa."

"Madalla. An kuma ce kin rufe shago, ba haihuwa sai kin dawo. Ni dai sakinki zan yi in auro mai zuciya."

"Gaggawar me kake? Ɗayar da na haifa ma ta fi ka haƙora."

"Ɓarauniyar alewata? Ai ke ta gado."

Ta tsaya riƙe da haƙoran, ruwa na ɗiga a safar hannunta. Gaskiya tsoro take ji, tsoron kada uwarta ta yi gaskiya.

"Umma ta ce giɓi zan bari tsakanin 'ya'yana, Kaka. Wai irin wanda ba ya cikuwa."

Tsohon ya ɗago kai har ya kusa buge fitila.

"Ke likitar haƙori ce ko mai gyaran takalmi? Giɓi shi ne a ce akwai, ya faɗi. Wanda aka jera da ɗan fili tsakani, kowanne tsaye da ƙarfinsa, yaya sunansa?"

"Wushirya."

"To, haka na gaya wa uwarki da safen nan."

Ashe kafin ya zo sai da ya biya ta gidan. Ya ba ta labari yana ta ƙara gishiri: yadda ya zauna a falo ya ƙi shan ko ruwa, yadda ya tuna wa 'yar tasa cewa ita ma sai da ta shiga makaranta aka haifi ƙaninta, ga su nan kuma ba abin da ya raba su. Ta yi gunaguni, ta yi, daga ƙarshe ta ce a riƙa kawo mata yarinyar da safe, amma da kayan sauyawa.

Likitar ta juya ta buɗe famfo, wai ɗauraye haƙoran take. Takunkumi na rufe baki, amma ba ya rufe ido. Daɗi da godiya suka cika mata ƙirji, har ta rasa da wanne za ta fara.

"Na gode, Kaka."

"A'a, kar ki ɓata mana zama. Zage ni kawai. Ni don kaina na yi, ko kya koyo aikin kirki kafin ki ƙarasa ni."

"Buɗe baki, sarkin surutu."

Ta sa masa haƙoran, ta danna sama, ta danna ƙasa, ta ce ya cije. Sannan ta miƙa masa madubi. Ya yage baki zai fara kushe, sai ya tsaya. A tsakiyar haƙoran sama ga ɗan fili nan siriri, daidai inda yake a tsohon hoton aurensa da ta ɗauke daga ɗakinsa ba da saninsa ba.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya kwashe da dariya, ya goge ido da bayan hannu.

"Shi ke nan, na fasa sakin. Je ki karatunki, ina nan ina jira."