Injiniya Marwan Ya Kama Bayani

"Ni fa ordinater idan ta ji takuna, da kanta take kunnuwa," in ji Marwan, sakataren wata ƙungiyar manoman gero a Matameye, yana nuna kwamfutar ofis. Abokina, sati biyu ya yi a wani shagon buga takardu a Yamai, ya dawo da tabarau da sunan Injiniya.

Ƙungiyar tana da wani forogaram mai haɗa rahoton girbi. Ka rubuta sunansa a baƙin allon ordinater, ya zubo bayanin aikinsa layi-layi. Da rahoton nan ake samun rabon takin zamani. Ana gab da rufe karɓar rahoto sai forogaram ɗin ya fara tsayawa a tsakiya. Madam Najaha, wadda ta rubuta shi, ta bugo daga Damagaram.

"Ka tara mini duk abin da yake faɗi cikin fishiye guda, wato fayil, ka aiko. A nan zan ga ciwon."

"Madam, wannan ai wasan yara ne."

Ya ɗaga waya zai ɗauki hoton allon. Rubutu ya wuce fuu. Abin da ya fito a hoton hancinsa ne da tabarau. Ya koma kwafa da biro, ya kama layi ɗaya, ɗari suka tsere.

Alhaji Illa, shugaban ƙungiya, ya leƙo. "Injiniya, ko a sake kiran Madam?"

"Haba Alhaji, ni da nake koya wa irinsu?"

Can gogan ya tuna an taɓa nuna masa wata alama mai kamar bakin kibiya: duk sunan da ka nuna da ita, can bayani zai zuba. Abin da bai tsaya ya ji ba, kibiyar sai ta share gidan tas kafin ta zuba komai. Marwan shugaban masana ya rubuta sunan forogaram, ya sa kibiya, ya sake rubuta sunan forogaram ɗin.

"Bayaninsa ne, gara ya zauna a jikinsa," ya ce, ya danna.

Allo ya yi tsit.

"Alhaji, ka gani? Ko kuskure ɗaya babu. Na wuce kamawa, na warkar."

Ranar kasuwa Madam Najaha ta sauko daga mota, ta buɗe fishiyen forogaram ɗin, ta tarar wayam, kibiya ta share shi.

"Ina kwafin da na bar maka a kile, ɗan filashin nan?"

Marwan ya sosa ƙeya. "Wuri ya yi kaɗan, Madam. Na goge, na zuba bidiyon kokawa."

Kafin ta koma ta aiko da wani, an rufe karɓa. Motar taki ta bi ta gaban ofis ta wuce garin Tsauni, manoma suna kallo.

"Madam, yi mini da Hausa," in ji Alhaji Illa. "Me ya yi?"

"Alhaji, mai tari aka kai masa. Ya yanka shi."

Alhaji ya dubi Marwan, ya gyaɗa kai.

"To, tarin dai ya tsaya. Injiniya, don Allah ko ka ji ina atishawa, kada ka matso kusa."