Yadda Za Ki Je Kallon Gitar A Tasawa Ba Tare Da Baba Ya Ji Ba

Ke ƴar'uwa mai kunya, ke da in baƙo ya yi sallama kike shigewa bayan rumbu, matso kusa. Ni Safi, ɗiyar Gidan Amumune, na je filin kokowa na Tasawa, na kalli Mai Nasara da ƴan gitar ɗinshi da idona biyu, na dawo gida lahiya, kuma har yau sunana na cikin rajistar lise, babbar sakandare. In kin bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ki garanti: za ki je, ki gani, ki dawo, ba wanda zai ji. To, kusan ba wanda zai ji.

Mataki na 1: Ki san abin da za ki rasa

Kada ki taka ko'ina sai kin san wannan. Ni ranar da na ci jarrabawar ƙarshen kwalej, Baba ya zaunar da ni gaban Inna ya ce: “Na yarda ki tahi lise. Ki zauna wajen Hajiya Tanna. Amma ranar da na ji labarinki a bakin wani, ko labarin mai daɗi ne, ki naɗe tabarmarki ki dawo gida.”

Hajiya Tanna yayar Inna ce, Iya nake ce mata. A Tasawa take, ita ce gabana ita ce bayana a garin nan.

Ke ma ki binciki abin da aka aza maki. In ba ki da abin rasawa, ki rufe takardar nan, ki je kallonki kamar kowa. Wannan ilimi na masu tsoro ne.

Mataki na 2: Kada ki yi ƙarya

Ƙarya haramun ce, kuma fuskar mai kunya ba ta iya riƙe ta. Gaskiya za ki faɗa, ki bar rabinta cikin jaka.

Lise na son dosiye: takardar haihuwa, hoto huɗu, da takardar cin jarrabawa. Dole a kai da hannu. To ki zaɓi ranar kaiwa ta faɗo daidai ranar wasa, kwana uku bayan sallah. Ki ce, “Baba, zan kai dosiye.” Shi ke nan. Ki yi shiru. Kin yi shekara goma sha bakwai kina shiru kyauta, yau ranar cin ribarshi ce.

In zuciyarki ta fara ƙaiƙayi, ki tuna mata wasan na taimako ne. Bara damina ta yi gardama, shanu sun zube a arewa, a wasu gidaje ƴaƴan anza na daji, masu ɗaci, ake jiƙawa ana ci. Abin da aka tara a ƙofa na waɗanda fari ya ci ne. Ke nan sadaka za ki je, sai dai sadaka ce mai kiɗi.

Mataki na 3: Ki samu ƙawa mai baki

Masu kunya biyu ba su tahiya tare, a tasha za su kwana suna cewa “ke fara tambaya.” Ni Zara'u gare ni, tare muka yi kwalej. Zara'u in ta shiga mota, kafin a kai Mayahi ta san sunan matan direba da abin da ya haɗa su faɗa.

Ita ta samo biye biyu, takardun shiga fili. Ita ta ara mani hijabin yayarta, wani kore mai jan ƙasa.

“Sa wannan,” ta ce. “Ko Innarki ba ta gane ki.”

“Zara'u, in wani ɗan garinmu ya gan ni fa?”

“Yo shi mi ya kawo shi? Wa'azi?”

Ki riƙe wannan amsa. Duk wanda ya gan ki a wurin, ke ma kin gan shi.

Mataki na 4: Ki wuce soji

Tunda soji suka karɓi gwamnati, komai da lokacinshi. An ce ƙarfe uku a fara, kafin kiran magariba a kashe inji, kowa shi kama gabanshi. Wannan alheri ne gare ki, don ba ɗiyar da ta taɓa lalacewa da la'asar.

A ƙofa akwai soji biyu masu duba jaka. Ɗaya ya buɗe tawa, ya zaro dosiye, ya dubi hotona, ya dubi hijabi.

“Lakwal kika zo karatu ko kallo?”

Gwiwata ta fara neman ƙasa da kanta, don ni in babba ya yi mani magana durƙusawa nake.

“Duka biyu, *mon chef*,” in ji Zara'u. “Ita ce ta ɗaya a ajinmu. Bincike ta zo.”

Ya yi dariya, ya miƙo mani takarduna. Kada ki durƙusa wa soja a ƙofar filin kokowa. Mutum ɗari na bayanki suna turi, ba wanda zai jira ki gama gaisuwa.

Mataki na 5: Ki zaɓi wurin zama da ilimi

Kafin ki zauna, ki yi abin da kika fi iyawa: kallo. Ga samarin Maraɗi da baƙin tabarau, wai su ba su ga kowa ba. Ga matan Buzaye da shuni har ya rine masu goshi. Ga mai rake shina rantsuwa raken jiya aka sare. Ga wani tsoho ɗan Issawane da sandarshi a kafaɗa, hannu biyu rataye a kai, kamar har yanzu garken na gabanshi. Ga mushen lissafinmu, malaminmu na kwalej, ya ja hula har gira, shi ma dosiye ya kawo.

Ni na duba duk filin, na hango wuri guda da ba kowa: gefen dakalin makaɗa, bayan wani ɗan tebur. Mutum ɗaya ne zaune da abin ji a kunne, gabanshi wata sanda mai baƙin soso a kai. Na ce wa Zara'u, “Can. Ba mai ganinmu.”

Gaskiya ne, ba mai ganinki a can. Amma ki tambayi kanki mi ya sa mutum dubu suka bar wurin. Ni ban tambaya ba.

Mataki na 6: Ki riƙe jikinki

Inji ya tashi. Mai ganga ya buga sau uku, na ji shi cikin haƙarƙarina. Sai ga Mai Nasara, dogo, siriri, farin rawani, jar gitar. Mutumin da shekara biyu nake saurare a wayar Zara'u, kunne ɗaya ita kunne ɗaya ni, ashe shina da ƙafafu, ashe har tari shina yi!

Ya taɓa tsirkiya ɗaya. Wayyo Allah! Ƙarar ta fito daga akwatunan nan masu tsawon ɗaki, ta bi ƙasa, ta shigo ta tafin ƙafata. Fili ya tashi gaba ɗaya. Yashin da ƴan kokowa ke ka da juna a kai ya koma sama.

To ga ƙa'ida. Babban yatsan ƙafa an yarda shi motsa, cikin takalmi yake. Kai ma an yarda, kaɗan, kamar mai cewa “haka ne, malam.” Kafaɗa ita ce munafuka, ki sa mata ido. Tawa ta fara tun waƙa ta biyu. Na ce mata tsaya, ta ce ba ta ji. Waƙa ta huɗu hijabin yayar Zara'u shina kaɗawa kamar tuta, ni kuwa ina ta dariya ban san da wa ba.

Sai ya rage kiɗin, ya shiga wata waƙa, rabi da Buzanci rabi da Hausa, ta wata saniya da ta san hanyar rijiya amma rijiyar ta ƙafe. Tsohon nan ya sauke sandarshi. Mai Nasara ya ja tsirkiyar tana kuka, tana hawa, tana hawa, har ya ɗaga gitar bisa kanshi.

Mataki na 7: Kada ki yi guɗa

Na sake faɗi: kada ki yi guɗa.

Mu a ɗakinmu guɗa gado ce. Kakata ta wajen uwa, in ta rangaɗa a gidan biki, ƙauye uku ke sanin an ɗaura. Guɗarta ba irin ta kowa ba ce: tana karyewa sau uku a tsakiya, sannan ta haye sama siririya kamar zare. Ta bar wa ɗiyanta biyu, Inna da Iya Tanna. Ni kuma Inna ta koya mani a gona, inda ba kowa sai gero. Baba bai taɓa sanin na iya ba. Mutumin da da ƙyar shike jin “ina kwana” daga bakina?

Ban yi niyya ba, wallahi. Hannuna ne ya tashi ya kama hancina. Ta fito. Ta karye sau uku. Ta haye.

Kawuna suka juyo. Mai Nasara ya waiwayo gefenmu, ya yi murmushi, ya maida mani ita da gitar, karyewa uku cif. Fili ya kece da ihu. Mai abin ji a kunne ya ɗaga mani babban yatsa.

Zara'u ta riƙe kafaɗuna tana girgiza ni. “Safi! Ke ce? Shekara huɗu muna benci ɗaya, ashe rediyo gare ki a wuya!”

Rediyo. Lokacin na sake duban sandar mai baƙin soso.

Mataki na 8: Ki kai dosiye

Kada ki manta da shi, shi ne ya kawo ki. Ki kwana gidan Iya. In ta ce mi ya sami muryarki, ki ce layi ne. Za ta dube ki, ta ce, “Layin lise har shaƙe murya shike?” Ki dubi ƙasa. Da safe ki kai takardu, ki shiga motar kasuwa, ki koma gida da fuskar wadda ta sha wahalar ofis.

Mataki na 9: Ki nisanci rediyon Baba

Wannan ba shi yiwuwa, amma na rubuta don kada a ce ban faɗa ba. Baba ba shi kashe rediyo, kullum shina jiran a faɗi ranar da hatsin taimako zai iso.

Kwana biyu da dawowata, bayan la'asar, muna tsakar gida, ni da Inna muna tsince zogale. Mai rediyo ya ce yanzu ga wasan Tasawa. Na ji waƙar saniya. Na fara karanta duk addu'ar da na sani, har ta shiga kasuwa.

Ta fito. Guɗata, daga rediyo, cikin gidanmu. Kaji suka watse.

Baba ya rage murya, ya dubi Inna. “Wannan guɗar gidanku ce.”

Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta tsinke ganye ɗaya, ta tsinke na biyu. “Ni dai ina nan gabanka ranar.”

“Shi ya sa na tambaya.”

“To Yaya ce mana. Wa ya rage?”

Na tsira! Sai Baba ya aje rediyon.

“Hajiya? Wurin gitar? To in mai riƙon ce ke gaban makaɗa, wa zai riƙe wadda aka ba ta riƙo? Ba ni wayata.”

Kin gani? Uwa ta fidda ki daga rijiya ta aje ki a bakin wata.

Mataki na 10: Ki kasance kina da Iya

Gidanmu rezon waya bisa turmin da aka kife yake. Baba ya hau, ya buɗe muryar waya yadda ya saba, duk gida na ji. Aka gaisa: gida, yara, gajiyar sallah, ya ruwa. Sannan ya yi gyaran murya.

“Hajiya, wai mun ji wata guɗa a rediyo.”

 

“Ni ce,” in ji Iya. “Mi ya faru?”

“A'a, wai na ce… wurin makaɗa ne.”

“Wurin taimakon masu yunwa ne. Kai ka zo? Ban gan ka ba. Mutane sun fito don ƴan'uwansu, in tsaya in yi masu shiru kamar gidan makoki? Ko ka fara yi wa yayar matarka tambaya ne yanzu?”

Baba ya gyara hula, a kan turmi. “Subhanallahi, Hajiya. Gaisuwa ce kawai.”

“Na amsa. Ranar komawa lakwal ka aiko mani ɗiyata da wuri. Ba ni ita.”

Na karɓa da hannu biyu, na kashe babbar muryar, na hau turmin.

“Iya, ina wuni.”

“Riƙe wuninki. Ke, wa ya ce ki yanke ta nan? Karyewar ta yi, amma ƙarshen kin sake shi da wuri kamar wadda aka taka wa ƙafa. Sau uku suna sa ta a rediyo. Duk Tasawa an ɗauka ni ce, jiya a wurin suna har wata ke ce mani, ‘Hajiya, numfashi ya fara raguwa, sai haƙuri.’ Ni! Shekara arba'in ba wadda ta taɓa ja da ni a garin nan. Zunubinki na ɗauka, wannan ba komai. Amma guɗa mai guntun wutsiya ba ta zama da sunana. In kin zo, kullum bayan lakwal, bayan gida, sai kin gyara ta.”

“To, Iya.”

Baba ya ce mi ta ce. Na ce ta ce akwai darasin yamma. Ya ce madalla, Hajiya ba ta wasa da karatu.

Sanarwa

Mai wannan takarda ba ta san ki ba, ba ta taɓa ganinki ba, kuma in an tambaye ta dosiye ta kai. In kin bi matakan nan aka naɗe maki tabarma, ko kafaɗarki ta ƙi tsayawa har cikin aji, ko maƙwabtan iyarki suka kai ƙara wajen mai unguwa saboda ihun bayan gida, ba ruwana, ba ruwan Zara'u. Garantin da na ba ki na masu Iya Tanna ne kaɗai, ita kuwa guda ce, kuma ta ce ɗaliba ɗaya ta ishe ta.