Keken Kawu a Fadama

Laifina ɗaya ne: ban san teku yana janyewa ya dawo ba. A Maraɗi, busasshiyar ƙasa ba ta ganin ruwa sai damina.

Na ari keken da Kawu Sani ke kai wa mutane abinci da shi, na bi hanyar tsakuwa cikin fadamar bakin teku a tsibirin Staten Island. Sai ga balbelu sun tashi, farare fat, sun fi mutanen unguwar Bronx yawa. Na kwantar da keken a busasshen kwari, na bi su baki buɗe. Da na dawo, teku ya cika kwarin, hannun keken ɗaya kawai ke leƙowa daga ruwa.

"Ɗana, kifi ne ya yi odar shinkafa?" in ji Kawu da ya ga keken.

Ranar bai fita aiki ba. Har yau a unguwarmu Tompkinsville, Sarkin Ruwa ake kirana.