Ta'aziyyar Ƙungiyar da Ba Ta Mutu Ba

Tsufa ya fara ƙwace mini abubuwa da yawa, har inda na ajiye tabarau sai an tuna mini, amma safiyar wata Lahadi a Unguwar Dosa ba na jin zan manta da ita muddin ina numfashi. Na yi ƙoƙarin mantawar, Allah ne shaida. Abokina Malam Isyaku ne bai yarda ba.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin ko ni wane ne, domin girman faɗuwar ba zai fito ba sai an san tsawon wurin da aka faɗo. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ashirin daga ciki ina hedimasta. Mu ne aka koya wa rubutu da tawada da alƙalamin tsomawa, aka koya mana cewa wasiƙa tana da kai da ciki da ƙafa. A duk tsawon aikina ban taɓa barin wani ya katse ni ina magana ba, ko malami ko ɗalibi (har sufeton makarantu ma sai da ya jira na kai aya). Da na yi ritaya na dawo gidana a Unguwar Kanawa, wannan hali ya biyo ni, bai yi ritaya ba.

Abu ɗaya nake ƙauna bayan iyali da littattafai, shi ne ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu. Ba zan ambaci sunanta ba, masu sani sun sani. Ina saurayi aka kafa ta, ma'aikata ne suka haɗu, leburori da masinjoji da malaman makaranta, kowa ya kawo abin da ya samu. Rigunan farko wani tela ne a Babbar Kasuwa ya ɗinka, aka rina su a gida, ruwan sama ya sauka ran wasan farko, 'yan wasa suka tashi jikinsu duk shuɗi. Kocinmu na lokacin, marigayi Malam Tanko, akawun asibiti ne, da keke yake zuwa fili. Dabararsa ɗaya ce, kuma ta ishe mu: lamba bakwai ya gudu ta dama, lamba sha ɗaya ya gudu ta hagu, a ɗago ƙwallo sama, ƙaton lamba tara ya sa mata kai. 'Yan baya kuwa aikinsu su doka ta inda ba za ta dawo da wuri ba. Idan an tashi, mu tako da ƙafa har gida, muna cin gyaɗa, muna maimaita wasan tun daga farko. Ban ƙara cin gyaɗa mai daɗin waccan ba.

Zamani ya juya, ma'aikatan suka tsufa, ƙungiya ta kusa durƙushewa. Sai Alhaji Sabi'u, wani babban dillalin atamfa, ya karɓe ta. Wannan Alhaji Sabi'u ɗalibina ne. A aji huɗu na sha tsayar da shi a rana saboda lissafi. Ya girmama ni ƙwarai, ya naɗa ni uban magoya baya, ya ba ni kujera a rumfar manya, ta ƙarshen layi kusa da ƙofa. Ni na zaɓe ta da kaina, domin al'adarmu ce mu dattawa mu tashi kafin a tashi, mu kauce wa turmutsutsu, mu sami Magariba cikin natsuwa.

Laifin Alhaji a wurina guda ne: ya ɗauko wani matashin koci mai suna Danlami, mai yawo da allo da ƙananan maganaɗisu. Wannan bawan Allah ya ce wai mai tsaron gida ba zai doka ƙwallo gaba ba, sai dai ya miƙa wa ɗan baya, ɗan baya ya miƙa wa na kusa da shi, na kusa ya mayar wa mai tsaron gida. Haka za su yi ta yi a bakin ragarsu, zuciyar mutum tana dukan uku-uku. Na ce wannan ba ƙwallo ba ce, gaisuwar surukai ce.

Kullum bayan La'asar muna zama a gindin darbejiyar ƙofar gidan Malam Isyaku, tsohon ma'aikacin gidan waya, Bakano, abokina tun muna samari kuma abokin tsokanata. A nan nake zana wa jama'a tsarin wasa a ƙasa da sandata.

"Kai Bazazzagi," in ji Isyaku, "ƙwallon da ka taɓa bugawa a rayuwarka ta lemo ce, ita ma ka karya yatsa."

"Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana lasar kan sarki," na ce masa, "bai kamata ya sa baki a maganar ilmi ba."

Wasa muke yi, amma zancen koci da gaske nake. A shekarar nan ƙungiya ta yi ta shan kashi har ta kai bakin faɗawa ajin 'yan dagaji, abin da bai taɓa faruwa ba tun kafa ta. Na je shagon Alhaji takanas na ce a sallami Danlami. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba Hedimasta, a bari a yi wasan ƙarshe ranar Asabar. Washegari akwai sunan ɗana, kowa zai zo. Duk abin da ka faɗa a gaban jama'a, da shi za a yi aiki." Na koma gida na zauna na rubuta hujjojina, shafi goma sha ɗaya, da lambobi da ƙananan lambobi. Gabatarwa da kammalawa kawai na bari sai na ga sakamako.

Ranar Asabar sai mun ci za mu tsira. Kafin hutun rabin lokaci aka zura mana ɗaya, kuma ta hanyar da na daɗe ina faɗa: ɗan baya ya mayar wa mai tsaron gida, baƙo ya tsinci ƙwallo a tsakani. Na dubi Isyaku, ya dubi takalminsa. Saura minti goma a tashi, sai na ga an ɗaga allon canji. Danlami ya cire lamba tara, ƙaton da ni kaɗai na san darajarsa, ya sa wani siririn mutum da ake kira Sule Tsinke, wanda iska mai ƙarfi za ta iya kai shi har unguwar Kawo. Na miƙe, na gyara babbar rigata, na ce da ƙarfi yadda rumfa duka za ta ji, "Ba zan zauna a binne ta ina kallo ba." Isyaku ya ce in dakata. Na fita.

Ina buɗe mota na ji fili ya ɗauki ihu. Na ce a raina, to, sun fara tsine wa koci. Ina hawa titi na sake jin wani ihun daga nesa, wanda ya fi na farko. Na ce yanzu kam sun kai ga jifa. Har na ji tausayinsa kaɗan.

A nan zan yi iƙirarin da ban taɓa yi ba. Don kada in haɗu da masu yi mini dariya, a gida na yi Magariba da Isha'i da Asuba, na ce gwiwa ce ta matsa (gwiwar lafiyarta ƙalau, Allah Ya yafe mini). Na kashe 'yar wayata na jefa a aljihun tebur, na zare wa rediyo batir. Maiɗakina Hajiya Rabi ta shigo da tuwo, fuskarta a sake.

"Malam, sannu da dawowa. Ashe 'yan ƙwallon naku..."

"Hajiya, kada a yi mini maganar ƙwallo a gidan nan."

"Ai cewa zan yi..."

"Shekara arba'in da huɗu muna tare, na taɓa maimaita magana sau uku?"

Ta dube ni, wani irin kallo da sai daga baya na fahimce shi, ta ce, "Allah Ya huci zuciyarka," ta ja ƙofa. Ni kuwa na ɗauki alƙalami na rubuta gabatarwa da kammalawa. Gaskiya ban taɓa rubutu mai kyan wannan ba. Har hawaye ya ɗiga a shafin ƙarshe, na bar shi don ya zama shaida.

Da safe na sa farar shadda, na ɗora hular da nake ajiyewa don Salla, na nufi gidan Alhaji a Unguwar Dosa. Na isa an riga an raɗa suna ana addu'a, sai na wuce kai tsaye zuwa babban falon da aka ware wa manya. Aka kawo waina da kunun gyaɗa. Jama'a sai fara'a suke, har da 'yan wasa a tsakar gida suna ta rungumar juna. Na ce a raina, dubi mutanen zamani, waina ta mantar da su tarihin shekara hamsin. Duk wanda ya taho gare ni da murmushi, sai in haɗe fuska in miƙa masa hannu daga nesa, ya koma. Danlami yana zaune a ƙasa kusa da ƙofa, Sule Tsinke a gefensa. Isyaku ya shigo a makare ya zauna kusa da ni, bai gama gaisawa da mutane ba Alhaji ya ce, "Baba Hedimasta, na yi alkawari. Me za ka ce game da wasan jiya?"

Na miƙe. Na sa tabarau. Na warware takarda.

"Ya ku jama'a," na fara, "yau rana ce ta haihuwa a wannan gida, amma ta rasuwa a wannan gari. Jiya da yamma, ƙungiyar da iyayenmu suka raina da guminsu ta faɗa ajin 'yan dagaji."

Falo ya yi tsit. Na ɗauka kalmomina ne suka ratsa su. Isyaku ya ja mini gefen riga, na make hannunsa ban ko dube shi ba. Wani ya ce, "Baba..." sai wani dattijo ya ce masa, "Kai, babba na magana." Kun ga inda tarbiyya ta kashe ni. Mutum arba'in a falon nan, rabinsu na koyar, kuma ni na koya musu da bulala cewa ba a katse babba. Darasin ya zauna daram.

Na bi hujjoji ɗaya bayan ɗaya. Na yi bayanin illar mayar da ƙwallo baya. Na kawo tarihin Malam Tanko da kekensa, na ga wasu tsofaffi suna gyaɗa kai (daga baya na gane dariya suke dannewa). Na ce wa Alhaji, cikin ladabi, sayar da atamfa daban, riƙon ƙungiya daban. Sai na iso kammalawa, na ɗaga murya:

"Tarihi zai rubuta cewa a lokacin da muke neman namiji, an cire mana lamba tara an sa mana Tsinke. Ina tambaya, me Tsinke ya taɓa yi wa wannan ƙungiya?"

Na yi shiru don tambayar ta zauna, kamar yadda nake yi a taron iyayen yara. A cikin shirun nan Isyaku ya kurɓi kununsa, ya ajiye kofi, ya ce a hankali:

"Biyu."

"Biyu me?"

"Ƙwallo biyu ya ci, ranka ya daɗe. Ɗaya kana buɗe mota, ɗaya kana hawa titi. Biyu da ɗaya aka tashi. Marigayiyar tana gaishe ka."

Ban san wanda ya fara ba, amma falon nan sai da ya girgiza. Wani Alhaji ya ƙware da waina har aka yi ta bubbuga bayansa. Mata a cikin gida suka aiko a ji ko lafiya. Ni kuwa ina tsaye, takarda a hannu, tabarau ya zamo kan hanci, ina jin irin abin da Sabi'u ya ji a aji huɗu lokacin da na tsayar da shi a rana. Na duba ƙofa, ta yi nisa, kuma Sule Tsinke ne zaune a bakinta, kansa a sunkuye, kafaɗunsa suna rawa.

Na yi abin da ya rage wa mai mutunci. Na ce na ajiye muƙamin uban magoya baya. Alhaji Sabi'u ya share hawayen dariya ya durƙusa ya ce, "Baba, wanda ya yi wa ƙungiya kuka irin wannan tana raye, wa zai fi shi cancanta? Amma alkawari na nan. Me za a yi da koci?"

Na dubi Danlami. Aikinsa yana bakina, kuma duk ya ji abin da na ce a kansa. Na haɗiye abin da ban taɓa haɗiya ba a shekara talatin da biyar, na ce, "A bar shi." Ya taso ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, "Baba, a ba ni takardar. Abin da ka faɗa a shafi na huɗu kan bugun kwana gaskiya ne." Na ba shi, amma na yage shafin farko da na ƙarshe.

Da na koma gida Hajiya tana shara. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya masu jego? An yi ta'aziyyar lafiya?" Labari ya riga ni isowa.

Har yau ina zuwa fili, sai dai Alhaji ya sa an sauya mini kujera. Yanzu tsakanin bango da Isyaku nake zaune, ba mafita sai ta kan ƙafafunsa, shi kuwa ba ya janye su. Da dadduma nake zuwa, mu yi Magaribarmu a gefen rumfa. Ban fasa cewa ƙwallon zamanin Malam Tanko ta fi daɗi ba, kuma har gobe ina ganin kuskure ne a cire lamba tara. Sa'a ce kawai ta zo sau biyu a jere. Amma tun daga ranar na ɗauki ƙa'ida biyu: ba na barin fili sai alƙali ya busa usur na ƙarshe, kuma ba na cewa uffan sai Hajiya ta kai ƙarshen maganarta. Ta farkon ta fi zo mini da sauƙi.