Jinyar Gizo-gizon Zuwaira

Duk wanda ya san karar dabbobi ta Talata Mafara ya san Ilu Dokta. To, ni ne. Maganin dabbobi nake sayarwa. Ban taɓa leƙa ajin likitanci ba, amma bakina ya fi na likita goma. Na sha faɗa a rumfa cewa duk abin da ke numfashi, in dai tsutsa ce ko kaska ke damunsa, kallo ɗaya ya ishe ni.

Ƙanwar matata, Zuwaira, malamar kimiyya ce a sakandare. Wai gizo-gizo take kiwo a kwalba, ɗan mitsitsin nan mai tsalle, mai dara-daran idanu, tana koya wa ɗalibai da shi. Za ta Gusau makin jarrabawa na mako guda, sai ta kawo mana ajiyarsa. Ta zaunar da ni tana ja mini kunne. Kada in kamo masa ƙudan waje, su ke kwaso masa tsutsa da ƙananan ƙwarin da ke maƙale masa a jiki. Ga nata ƙudajen da take kiwo da ayaba. Abin da bai ci ba in cire. Feshin sauro kuwa ko kusa.

Na ce mata ni da na yi wa raƙumi allura yana harbi, ba za a koya mini renon abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Tana fita na kamo masa ƙudan mahauta, ƙato, kore shar, don ya san gidan manya ya zo. Ko kallonsa bai yi ba. Washegari ma haka. Rana ta uku na tarar da shi a gindin kwalba, ƙafafu a sama, ko motsi babu.

Na san ƙudana ne ya jawo. Amma ni Dokta in kira mace a waya in ce na kasa? Na ɗauko shi da tsinke, na kwantar a kwalin ashana bisa auduga, sai rumfa. Na tara su Alhaji Mamuda dillali da Bawa mai shayi, na bayyana musu cewa tsutsar ciki ce, har ta kai mataki na uku. Na tsarma maganin awaki, na riƙa ɗiga masa da bakin sirinji, ɗis, ɗis, safe da yamma. Ran da iska ta kaɗa ƙafarsa ɗaya na ce kowa ya shaida, ya fara farfaɗowa. Bawa har da kabbara.

Ranar kasuwa Zuwaira ta dawo. Matata ta ba ta labari, sai ga ta a rumfa riƙe da kwalbar, wuri cike maƙil. Na gyara hula, na ce da ba don ni ba da tuni an yi jana'iza.

Ta dubi audugar, ta dube ni. Ta ɗaga kwalbar ta nuna wata 'yar farar saƙa a ƙarƙashin murfi. Sai ga mutumin ya leƙo, sumul, lafiyarsa ƙalau, yana kallona da idanun nan.

"Yaya, saɓa ya yi. Shi ya sa ya daina ci."

Ta ɗauki majinyacina ta hura, fuu, ya tashi kamar ƙaiƙayi, ya sauka a kofin shayin Alhaji Mamuda. 

"Allah ya taimake shi ba shi ka kama ba," in ji ta. "Kwana huɗu kana ɗura wa tsohuwar rigarsa maganin awaki."